FASHIN BAƘI: Injin yankan itace da makomar bishiyoyin gona a Illela

Garin Illela ya yi suna da abubuwa biyu: kasuwar Lahadi mai tara dabbobi da hatsi daga Najeriya da Nijar, da ƙofar iyaka wadda ke fuskantar Birnin Ƙonni. Akwai wata haja ta uku da ba ta shiga kanun labarai, alhali da wuya a sami gidan da ke kwana bai taɓa ta ba, wato itacen girki. Ana shigo da shi a kan jaki da amalanke da babur da motar kaya, a sauke a bakin hanya, a faskara, a kasa, washegari ya zama toka.

Sana'ar tsohuwa ce, kayan aikinta ne suka sauya. A yawancin garuruwan Arewa, ƙarar injin yankan itace mai sarƙa ta fara danne sarar gatari. Wannan inji bai ƙirƙiro buƙatar makamashi ba, domin tun kafin zuwansa ake girki da ice. Abin da ya yi shi ne kawar da shingen da gatari ya daɗe yana gindayawa: bishiyar da a da ta fi ƙarfin mai sara, yanzu aikin 'yan mintoci ce. A yanki irin na Illela, inda damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, manyan bishiyoyin da suka rage galibi a cikin gonaki suke, kuma su ne ke riƙe da ƙasar noman.

Wa ke ƙona itacen, kuma me ya sa?

Ƙidayar 2006 ta nuna mutum 150,489 a ƙaramar hukumar Illela, tun daga lokacin kuwa jama'a ƙaruwa suke yi. Ban da tukunyar gida, akwai gidajen burodi, da masu tsire da balangu, da masu shayi, da mata masu tuyar ƙosai da awara, da makarantun allo, da girkin biki da suna. Idan hunturu ya shigo, sai jin ɗumi ya ƙaru a kan lissafin.

Alkaluman hukumomi sun daɗe suna nuna cewa wajen kashi biyu cikin uku na gidajen Najeriya da itace ko gawayi suke girki, kuma adadin ya fi haka a karkarar Arewa. Dalilin a aljihu yake. An janye tallafin kananzir a 2016, kafin ƙarshen 2022 kuwa matsakaicin farashin lita ya haura naira 1,000. Tukunyar gas mai kilo 12.5 wadda ake cikawa a kan kimanin naira 4,000 a 2020, ta haura naira 14,000 a 2024. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta wuce 1,000 a cikin 2024, kuɗin sufuri ya ɗaga farashin komai.

Gas yana buƙatar a sayi tukunya da kan girki, a kuma biya kuɗin cikawa a dunƙule. Itace kuwa ana sayensa gwargwadon abin da aka samu a ranar. Magidancin da ke cin abin da ya samo da safe ba shi da wani zaɓi na gaske, saboda haka duk maganar kare bishiya da ta manta da tukunyarsa ba za ta je ko'ina ba.

Me inji ya sauya?

Wani Bajamushe mai suna Andreas Stihl ne ya fitar da injin yankan itace mai aiki da lantarki a 1926, sannan mai shan fetur a 1929. An ƙera shi ne domin dazuzzukan Turai masu kauri da yawan ruwa. A yau ana samun na Stihl da Husqvarna, da kuma masu araha ƙirar Chaina, a kasuwannin manyan biranen Najeriya. Ƙaramin inji ne da ke juya sarƙa mai haƙora a kan wani dogon ƙarfe, da gudun da ya kai wajen mita 20 a daƙiƙa ɗaya.

Sauyi na farko shi ne girman abin da ake iya yankewa. Mai gatari yakan nemi sabara da geza da kalgo, da busassun rassa, da ƙirare. Waɗannan ƙananan itatuwa ne masu saurin toho, idan aka sare su bana, baɗi sun dawo. Tsohuwar ƙirya ko marke ko tsamiya kuwa aikin kwanaki ce, tana dakushe kaifi, tana gajiyar da ƙarfi, ga kuma wahalar rarraba gangar jikinta bayan ta faɗi. Wannan wahala ita ce ta yi wa manyan bishiyoyi garkuwa shekara da shekaru. Inji ya ɗauke ta.

Na biyu shi ne sauri. Sarar gatari tana ɗaukar lokacin da mai gona ko mai unguwa ko malamin daji zai ji labari ya iso. Da inji, ana iya kayar da bishiya a yayyanka ta a loda a mota tsakanin asuba da hantsi, wanda ya zo daga baya kututture kawai zai tarar.

Na uku shi ne jari. Gatari na mai shi ne, in ya gaji ya ajiye. Inji kuwa kuɗi aka zuba aka saya, yana shan fetur da baƙin mai, sarƙarsa tana cinyewa. Dole ya yi aiki kullum kafin ya mayar da uwar kuɗi. Ta haka sana'ar ta rabu hawa-hawa: mai inji, da yaron da ke riƙe shi, da masu faskare, da mai mota, da dillali, da mai kasawa a unguwa. A nan ne aka sami cinikin bishiya a tsaye, inda dillali ke taya bishiyar da ke tsakiyar gona. Irin wannan tayi ya fi shiga kunne a ƙarshen bazara da tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Manomi ya karɓi kuɗin da zai ƙare cikin mako biyu, ya rabu da abin da kakansa ya bari.

Daga gungume zuwa dami

Bayan an kayar da bishiya, ana sassare rassa, sannan a yayyanka gangar jikin gunduwa-gunduwa daidai tsawon da murhu ko tandar burodi ke ɗauka. Inji yana yanka a gicciye ne kawai cikin sauƙi, tsagawa kuwa har yanzu aikin gatari da guduma ne. Saboda haka zuwan inji bai kashe sana'ar faskare ba, ƙara mata aiki ya yi.

Faskare yana da dalili ban da rage girma. Kusan rabin nauyin ɗanyen itace ruwa ne, kuma ɓawo yana hana shi fita. Idan aka tsaga, iska na ratsa cikinsa. Itacen da ya bushe sosai, wanda ruwansa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, yana ba da zafi kusan ninki biyu na ɗanye mai nauyi ɗaya, domin wutar ɗanyen tana ƙarewa ne wajen ƙafar da ruwan cikinsa. Jerawa ma tana da ƙa'ida: a ɗaga shi daga ƙasa a kan duwatsu ko gungume saboda gara da laima, a bar tazara tsakanin layuka, a fuskantar da tsagin ga iska, a rufe samansa kawai idan damina ta faɗi. Iskar hunturu ta Sakkwato tana busar da faskare cikin 'yan makonni.

Sai dai wanda ke bin kuɗin fetur ba ya son jira. Idan ɗanyen itace ya isa murhu, asarar kashi biyu ce. Ana ƙona mai yawa don dafa abinci kaɗan, hayaƙi kuma ya ƙaru. Murhun duwatsu uku dama kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin wuta kawai yake kaiwa ga tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Idan aka mayar da itacen gawayi ta hanyar binnewa ta gargajiya, ana cinye kilo 5 zuwa 10 kafin a sami kilo ɗaya.

Dami ba shi da ma'auni tsayayye. Mai saye yakan ga farashi bai motsa ba, amma sandunan sun ragu ko sun sirance. Rashin ma'auni yana cutar mai saye, yana kuma hana hukuma sanin yawan abin da ke fita daga daji da gonaki.

Shi ma yaron da ke riƙe da injin yana cikin haɗari. Idan bakin ƙarfen ya taɓa wani abu mai tauri, injin yakan yi tsalle ya dawo wajen fuska ko kafaɗa cikin ƙiftawar ido. Ƙararsa ta haura ma'aunin desibel 100, alhali daga 85 ake fara gargaɗin lalacewar ji. Kamfanonin da ke ƙera shi sun tanadi hular kwano da abin toshe kunne da wando mai kare ƙafa da takalmi mai ƙarfi, amma sau da yawa silifas ake gani a ƙafar mai aikin. Sarƙar da ba a wasa ta da magagari ba tana ƙara shan mai, tana ƙara haɗari.

Bishiyar da ta fi itacenta daraja

Babu misalin da ya fi gawo bayyana girman asarar. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, sai ya yi kore da rani lokacin da sauran itatuwa suka bushe. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa sinadarin da ake saye a buhun takin zamani, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi ne a watannin da ciyawa ta ƙare. Dabbobin da ke hutawa a ƙarƙashinsa suna barin kashi a wurin. Kowane manomin yankin ya san geron gindin gawo ya fi na sauran gona. Tarihin Damagaram ya ruwaito cewa Sarki Tanimu, a ƙarni na 19, ya tsananta hukunci a kan duk wanda ya sare gawo.

Haka aduwa da magarya da kuka da tsamiya suke ba da abinci da magani da kuɗin kashewa ga mata duk shekara. Bagaruwa ita ce abin jima a ƙasar da fatarta ta yi suna har Turai. Dukkansu kuma suna rage ƙarfin iskar farkon damina wadda ke binne shuka da rairayi. Gawo yana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya kai girman da zai amfani gona, itacensa kuwa ba zai riƙe gidan burodi ɗaya tsawon wata ba.

Iyaka da rashin tsaro

Zaman Illela a bakin iyaka yana sa kowace shawarar Abuja ta sauka a kanta da nauyi. A Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamban shekarar kuma hukumar kwastam ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, abin da ya tura jama'a hannun 'yan bumburutu. Illela tana cikin iyakoki huɗu da aka fara buɗewa a Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an sake rufewa, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Duk lokacin da kasuwanci ya tsaya, masu dako da direbobi da 'yan kamasho suna rasa abin yi, itace kuwa yana cikin 'yan sana'o'in da ake shiga ba tare da takarda ba.

Ga kuma matsalar tsaro. Gabashin Sakkwato ya daɗe yana fama da 'yan bindiga, a Nuwamban 2024 kuma rundunar tsaro ta tabbatar da ɓullar Lakurawa, inda aka ambaci Illela tare da Tangaza da Gudu cikin wuraren da abin ya shafa. Idan daji mai nisa ya zama wurin tsoro, ma'aikacin gandun daji ba ya shiga, talaka mai neman ƙirare ma ba ya shiga. Buƙatar kuwa ba ta ragu ba, sai ta juyo kan bishiyoyin da ke kusa da gari, wato na gonaki da bakin hanya.

Me doka ta ce?

Sashe na 20 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare muhalli, har da dazuzzuka, amma yana cikin babin da ba a cika iya kai ƙara kotu a kansa ba. A aikace, gandun daji hurumin jihohi ne, su ke ba da izinin sara, su ke karɓar kuɗinsa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon filayen karkara. Tarayya tana da hukumar Babbar Ganuwar Bishiyoyi wadda aka kafa da doka a 2015, kuma Sakkwato na cikin jihohi 11 da take aiki a cikinsu. Akwai shirin ACReSAL na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a Disamban 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. A Maris 2024 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da manufar girki mai tsafta.

Yawancin waɗannan shirye-shirye sun fi ba da ƙarfi ga dashe. Dashe yana da kyau a hoto, sai dai tsiron da aka dasa yau yana buƙatar ruwa da shinge da shekaru, tsohuwar bishiya kuwa tana faɗuwa kafin a gama jawabin bikin.

Wasu sun juya ga injin kansa. A 2025 gwamnatin Kano ta sanar da hana amfani da shi ba tare da lasisi ba, ta tanadi rajistar masu aikin, da neman izini kafin sara, da tara ga wanda ya saɓa. Ƙasar Filifin tana da dokar rajistar injin tun 2002. Ghana kuwa ta haramta yanka katakon sayarwa da shi a 1998, amma bincike ya yi ta nuna cewa mafi yawan katakon kasuwannin cikin gida daga wannan haramtacciyar hanya yake fitowa. Darasin Ghana a fili yake: hani ba tare da mafita ba yana ƙara kuɗin cin hanci a shingen hanya ne kawai.

Abin da aka gwada a tsallaken iyaka

Illela ba ta buƙatar tafiya nesa neman misali. Kwarin Majiya, wanda ruwansa ke bi ta yankin Ƙonni ya ƙare a tafkin Kalmalo cikin ƙaramar hukumar Illela, nan ne aka fara dasa layukan dogon yaro a 1975, a wajen Buza ta jihar Tawa, da haɗin gwiwar ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun dajin Nijar. Layukan sun karya ƙarfin iska, binciken da aka yi ya nuna ƙarin amfanin gero na kusan kashi 20 cikin 100. Da bishiyoyin suka girma, sai aka riƙa rage kawunansu bi da bi, a sami itace da sandunan gini, su kuma su sake toho.

A Maraɗi, daga 1983, wani masanin noma ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya yi aiki da manoma a kan dabarar da ake kira sassaben zamani. Maimakon a share duk tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, sai a zaɓi mafi ƙarfi a bar shi, a rage sauran. An ƙiyasta cewa dabarar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da bishiyoyi miliyan 200 a kudancin Nijar. Abin da ya ba ta ƙarfi shi ne manomi ya sami tabbacin cewa bishiyar gonarsa tasa ce, ba ta jami'in daji ba.

A 1992 kuma Nijar ta kafa dokar kasuwannin itace na karkara. Ƙauye ke kula da dajinsa, a ƙayyade abin da za a sara a shekara, a jera itacen a ma'auni ɗaya, tsibi mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, a karɓi haraji a wurin. A kasuwar da ke da cikakken tsari, rabin harajin na ƙauyen ne, kashi 40 na ƙaramar hukuma, kashi 10 na baitulmali. Wanda ya saro daga dajin da ba shi da tsari yana biyan haraji mafi tsada. An kafa irin waɗannan kasuwanni a wurare kamar dajin Baban Rafi na kudancin Maraɗi. Tsarin ya gamu da matsaloli, an wuce ƙa'idar sara a wasu wurare, an yi wasa da kuɗin asusu a wasu, amma ya kafa wata ƙa'ida mai amfani: wanda ke zaune kusa da bishiya ya ci ribar barinta a raye.

Waɗannan misalai sun nuna cewa ana iya samun itace ba tare da kashe bishiya ba. Injin da ke kayar da gawo daga tushe, shi ne kuma zai iya rage reshen dogon yaro da yanka mai santsi wanda ke warkewa fiye da na gatari.

Tambayoyin da ya kamata a yi wa masu mulki

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya sanya ƙananan hukumomi cikin masu alhakin bunƙasa noma da albarkatun ƙasa, kuma ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. Saboda haka matashin Illela yana da hurumin tambayar shugaban ƙaramar hukumarsa da kansilansa da ɗan majalisarsa na jiha.

Injin yankan itace nawa ke aiki a ƙaramar hukumar, kuma akwai rajistarsu? Izinin sara nawa aka bayar bara, nawa aka tara, a wane asusu kuɗin ya shiga? Cikin bishiyoyin da aka dasa da sunan Babbar Ganuwa ko ACReSAL, nawa ne suka rayu bayan rani biyu? Ina kason jiha da na ƙaramar hukuma daga asusun kula da muhalli na tarayya yake tafiya? Me ya hana a fara da manyan masu ƙonawa, kamar gidajen burodi da makarantun kwana, a taimaka musu da tanda da murhu masu rage cin itace? Shin doka ta fayyace cewa manomin da ya raini bishiya a gonarsa yana da ikon rage rassanta ya sayar ba tare da tsoron kamu ba? Kuma wane tanadi aka yi wa manomin da yunwar damina ke tilasta wa sayar da gawonsa?

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar sabuwar hukuma ko taron ƙasa da ƙasa. Littafin rajista, da ma'aunin dami, da jerin bishiyoyin da ba a yarda a kayar ba, da hakimai da masu unguwanni da ƙungiyar masu itace a zaune wuri ɗaya, sun isa a fara. Zaɓe yana zagayowa duk shekara huɗu, gawon da aka kayar a bana kuwa sai jikokin mai gonar ne za su zauna a inuwar magajinsa, in har an bar tohon ya tashi.